Black Sabbath: An Nemi Iblis a Cikin Waƙa, Ashe Yana Cikin Hoda

Wata rana cikin shekarar 1965, a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, wani saurayi ɗan shekara 17 mai suna Tony Iommi ya dawo gida cin abincin rana, ya shaida wa mahaifiyarsa cewa shi da masana'anta haihata-haihata. Dama ranar ce ta ƙarshe gare shi a wurin aikin, domin ya sami gurbi a wata ƙungiyar makaɗa da ke shirin tafiya Jamus. Uwar ta ce bai isa ba, ya koma ya ƙarasa yininsa yadda ɗan mutunci yake yi. Ya koma. Aikinsa walda ne, amma da yake mai kula da injin datsa farantan ƙarfe ba ta zo ba a ranar, sai aka tsayar da shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko ya guntule masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Iommi bahago ne, don haka da hannun daman yake danne tsirkiyar jita. A asibiti aka ce masa ya haƙura da kiɗa.

Wannan saurayi shi ne daga baya ya zama ginshiƙin Black Sabbath, ƙungiyar da mafi yawan masana tarihin kiɗa suke ɗauka a matsayin uwar salon da ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Idan mai karatu ya taɓa jin sunansu, da wuya in ba tare da kalmar Shaiɗan ya ji shi ba: masu baƙaƙen kaya da dogon gashi, masu ihu, waɗanda aka ce sun sayar da rayukansu. Na daɗe ina sauraron faifansu shida na farko, kuma ra'ayina shi ne wannan zargi ya sauka a inda ba nan ne ciwon yake ba. Hukuncin kiɗa a addini na bar wa ma'abotansa. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake kasa bambance mai ba da labarin dodo da mai bauta masa, da kuma yadda wannan kuskure ya rufe wa mutane ido daga ainihin abin da ya kusa hallaka waɗannan mutane huɗu.

Bari mu fara da yatsun, don a nan komai ya faro.

Shugaban Iommi a masana'antar ya je duba shi da wani faifai na Django Reinhardt, makaɗin jita na salon jaz wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, amma ya ci gaba da kiɗa da sauran har ya gagara. Da Iommi ya ji, sai ya koma neman dabara. Ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya dunƙula ta, ya huda da ƙarfe mai zafi, ya goge har ta zama 'yar hula daidai kan yatsa, sannan ya liƙa mata guntun fatar wata tsohuwar rigarsa don kada ta zame. Matsalar ita ce roba ba ta jin taɓi. Ba ya sanin ko ya danne tsirkiya daidai sai da kunnensa, kuma in ya matsa da ƙarfi guntun yatsan ya yi masa zafi. Sai ya koma ɗaura sirarun tsirkiyoyi na banjo, tunda a lokacin babu mai sayar da na jita masu laushin da yake bukata. Ya rage kama sautuka masu yawa a lokaci guda, ya tsaya ga biyu masu kauri a kan manyan tsirkiyoyi, ya ƙure na'urar ƙara sauti har muryar jitar ta dushe ta yi kaushi.

Akwai wani bayani da ya yaɗu wanda yake bukatar gyara. Ana yawan cewa nauyin kiɗan Black Sabbath ya samo asali ne daga sassauta tsirkiya da Iommi ya yi don rage wa yatsunsa zafi. Ya sassauta ɗin, kuma sautin ya yi ƙasa ya ƙara duhu, amma hakan ya bayyana sosai ne a faifansu na uku, Master of Reality na 1971, inda ya sauke wasu waƙoƙin da taki uku. Faifai biyun farko, waɗanda su ne suka kafa salon, an kaɗa su kusan a kan saitin da kowa yake amfani da shi. Ashe ke nan nauyin ya riga sassautawar zuwa. Yana cikin tsarin kiɗan kansa.

Ga yadda tsarin yake. Waƙar Turawa ta wancan zamani a kan muryar mawaƙi take tsayawa, kayan kiɗa suna yi mata rakiya. Su Sabbath suka kifar da abin. Iommi zai ƙirƙiri wani ɗan gajeren sara na sauti huɗu ko biyar, ya yi ta nanata shi, kwatankwacin yadda makaɗin fada yake nanata taken basarake har wanda ke bayan gari ya san wa ake kaɗa wa. Wannan taken shi ne waƙar. Geezer Butler, mai jitar bas, wadda ita ce mai kaurin murya, da can ƙaramar jita yake kaɗawa, don haka da ya koma bas sai ya riƙa bin sawun Iommi ƙafa da ƙafa maimakon ya kama tasa hanya. Sautin ya ninku ya zama kamar katanga. Shi ma mawaƙin, Ozzy Osbourne, sau da yawa taken yake bi da muryarsa, kamar a waƙar Iron Man, inda murya da jita suke tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya. Murya ce siririya, ta hanci, wadda ba ta da ƙawa ko kaɗan, irin ta mutumin da ya ga wani abu a duhu ya rugo yana faɗa. Da a ce gwanin murya aka sa a wurin, da tsoron ya zama wasan kwaikwayo.

Wanda aka fi zalunta a labarin nan shi ne mai ganguna, Bill Ward. Ya tashi yana sauraron makaɗan jaz na Amurka irin su Gene Krupa da Buddy Rich, kuma bai taɓa rabuwa da rangwaɗarsu ba. Yana jan lokaci baya kaɗan, ya sake shi, ya cike gurbi da 'yan gare-gare. Saurari War Pigs ka ji yadda yake amsa wa jita a tsakanin shiru da shiru. Dubban ƙungiyoyin da suka kwaikwayi Sabbath sun ɗauki nauyin sun bar rangwaɗar, shi ya sa da yawansu in ka saurara sai ka ji kamar injin niƙa.

Kafin su zama Black Sabbath, a 1968, ƙungiyar buluz ce mai suna Earth, suna kwaikwayon kiɗan baƙar fatar Amurka kamar yadda Cream da sauran samarin Ingila suke yi a lokacin. (Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya bi wani reshe na jijiyar buluz har zuwa yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Ghana da arewacin Nijeriya zuwa Kamaru. Wanda ya ji wani abu mai kama da kukan goge a jan tsirkiyar Iommi, ba lallai kunnensa ne ya yaudare shi ba, ko da yake tafiyar ta yi nisa.) A 1969 sun yi zama a gidan rawa na Star-Club a Hamburg, inda Beatles suka taɓa yin nasu, suna hawa dandamali sau da yawa a dare guda. Waƙoƙin da suka iya ba su isa cike lokacin ba, sai su ja guda ɗaya su yi ta juya ta. Daga wannan jan ne wasu daga cikin takensu suka fito.

Sai batun sautin da ake kira na Shaiɗan. A kan fiyano, idan ka taɓa wani maɓalli sannan ka ƙirga shida gaba, farare da baƙaƙe duka, ka taɓa na shidan, za ka ji sautuka biyu da suka ƙi zama da juna, kunne yana jiran a warware su. Malaman kiɗa na Turai tun farkon ƙarni na 18 suke yi wa wannan tazara laƙabi da Latinanci, ma'anarsa shaiɗan a cikin kiɗa. Ana yawan cewa coci ta haramta ta har tana hukunta mai kaɗa ta, amma wannan ƙari ne irin na masu ba da labari: guje mata aka riƙa yi saboda tana da wuyar rerawa kuma ba ta da daɗin ji. Butler ya ce wata rana yana gwada kaɗa wani yanki na Mars, kiɗan da Gustav Holst ya tsara a kan duniyar da Rumawa suka danganta da yaƙi, washegari Iommi ya zo da take mai sauti uku da aka gina a kan wannan tazara. Shi ne ya buɗe faifansu na farko, bayan ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci. Tushen sautin da ya firgita iyaye a Amurka, wani dattijon malamin kiɗa ne na makarantar 'yan mata a Landan.

To, me ya kai su ga tsoro tun farko? Amsar da su da kansu suka bayar ba ta da wani asiri. Akwai gidan silima kusa da inda suke gwaji, suka lura mutane suna bin layi suna biyan kuɗi don a tsorata su. Suka ce, in haka ne, me zai hana a yi kiɗan da zai yi wannan aikin? Sunan ma daga fim aka ɗauko shi, wani fim na ban tsoro na 1963 wanda Mario Bava na Italiya ya shirya, Boris Karloff ya fito a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gardi da kurarsa a bakin kasuwa ya san wannan ciniki. Ba ka son kura, amma kana son ka matsa kusa da ita matuƙar akwai takunkumi.

Sai dai ba ciniki ne zalla ba, kuma a nan nake ganin darajarsu take. Unguwar Aston da suka taso a cikinta unguwar leburori ce, gidaje a manne da juna, hayaƙin masana'antu a sama, kangayen da bama-baman Jamus suka bari tun Yaƙin Duniya na Biyu su ne filin wasan yara. Ozzy ya bar makaranta yana da shekara 15, ya yi aiki a kwata, ya yi aikin gwada odar mota a wata masana'anta, ya kwana makonni shida a kurkukun Winson Green saboda sata. A daidai lokacin ne rediyo ya cika da waƙoƙin San Francisco, ana kiran matasa su soka fure a gashi su rungumi juna. Ozzy ya sha faɗin irin haushin da wannan yake ba shi, shi da ko takalmin kirki ba shi da shi. Bahaushe yana da kiɗan sana'a, mahauta da kalangunsu, manoma da gangarsu. Abin da waɗannan samari suka yi ya yi kusa da a kira shi kiɗan 'yan masana'anta. Ba na son in matsa wa wannan bayani fiye da ƙima, domin Birmingham ɗin nan ita ce ta haifi Duran Duran da UB40, waɗanda babu ƙarfe ko ɗaya a sautinsu. Gari ba ya tsara waƙa. Amma yana ba mutum abin da zai ji haushi a kansa.

Faifan farko a yini ɗaya aka naɗe shi cikin Oktoban 1969, kusan kamar yadda suke kaɗawa a gaban jama'a. Kamfanin Vertigo ya sake shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da camfin Turawa ya ɗauka ta rashin sa'a, ya kuma buga hoton gicciye a kife a cikin bangon faifan, abin da 'yan ƙungiyar suka ce ba da saninsu aka yi ba. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, har da Lester Bangs na mujallar Rolling Stone. Samarin masana'antu kuwa suka saye shi har ya kai na 8 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya. Cikin Satumbar shekarar suka fitar da Paranoid, ya hau na ɗaya.

Yanzu mu duba abin da waƙoƙin suke faɗa, tunda shi ne masu zargi ba su cika dubawa ba. Mafi yawan baitocin Butler ne ya rubuta su, shi kuwa ɗan gidan Katolika ne 'yan asalin Ireland, masu riƙo da addini. Ya yarda cewa a ƙuruciya ya yi sha'awar littattafan tsafi, yana karanta ƙagaggun labaran Dennis Wheatley, har sai da ya ce ya farka wani dare ya ga baƙar siffa tsaye a ƙarshen gadonsa. Daga nan ya watsar. Waƙar farko a faifan farko labarin wannan firgici ne, kuma mai magana a cikinta neman tsari yake daga Ubangiji, ba maraba yake yi ba. War Pigs tsinuwa ce ga janar-janar da 'yan siyasar da suke kunna yaƙi su tura 'ya'yan talakawa, a lokacin da yaƙin Biyetnam yake ci, kuma ta ƙare ne da ranar hisabi, azzaluman suna rarrafe suna roƙon gafara. Hand of Doom gargaɗi ce a kan allurar ƙwaya da ta kama sojojin da suka dawo daga wannan yaƙi. Electric Funeral a kan makaman nukiliya take. After Forever, a faifan 1971, kai tsaye take tambayar mai sauraro ko ya shirya wa abin da ke bayan mutuwa, tana kuma yi wa masu izgili da imani raddi. In aka cire ƙarar jita aka miƙa wa mutum takardar, zai ɗauka wa'azin wani fada ne mai zafin rai. Duniyar waɗannan waƙoƙi duniya ce mai wuta da aljanna da sakamako. Shaiɗan yana ciki, amma a matsayin abin gudu.

Hatta gicciyen da suke ratayawa a wuya, labarinsa ya saɓa wa abin da ake zato. Sun ce wasu matsafa sun gayyace su wasa a Stonehenge, suka ƙi, aka ce an yi musu baki. Mahaifin Ozzy, wanda maƙerin kayan aiki ne a masana'anta, ya ƙera musu gicciye na alminiyam, kowa ya rataya. Laya ce ta masu jin tsoro. Haka ma alamar nan ta ɗaga manuni da ƙaramin yatsa wadda ta zama tambarin masu son wannan kiɗa a duniya: Ronnie James Dio, wanda ya gaji Ozzy a 1979, shi ya yaɗa ta, kuma ya ce daga kakarsa 'yar Italiya ya koya, tana yin ta ne don kau da kambun baka da mugun ido.

Kada mai karatu ya ɗauka wanke su nake yi tas. Sun ga kasuwar tana ci, suka bar ta ta ci. Waƙar N.I.B. da bakin Iblis aka rera ta, wai ya faɗa soyayya. Bangon faifan Sabbath Bloody Sabbath na 1973 yana ɗauke da lambar 666 a saman gadon wani mutum da aljanu suka yanyame. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ba za ka sayar da tikiti da sunan dodo shekara da shekaru ba sannan ka yi mamaki don an kira ka ɗan dodo. Uban da ya ga wannan bango a ɗakin ɗansa ya ji gabansa ya faɗi, ban ga laifinsa ba. Inda nake ganin laifi shi ne wurin masu wa'azi da 'yan jarida waɗanda aikinsu ne su bincika, amma suka tsaya a bango.

A kan dandamali ma abin da ido yake gani ya saɓa wa sunan. Iommi yana tsayawa ne wuri guda kamar an dasa shi, kai a sunkuye, ido a kan wuyan jita. Ana ɗaukar hakan a matsayin kwarjini, alhali larura ce: mutumin da yatsunsa ba sa jin tsirkiya dole ya kalli inda yake ɗora su. Butler yana kaɗa kai gashi na tashi, Ward yana dukan ganguna kamar mai bin su bashi. Wani abin mamaki shi ne a tsakiyar shekarun 1970 Iommi ne yake tsayawa a tsakiyar dandamali, mawaƙin yana rakuɓe a gefe, abin da ya nuna wa kowa wane ne mai gidan. Shi kuwa Ozzy, wanda aka yi wa laƙabi da Yariman Duhu, ba shi da wani taku na ban tsoro. Tafi yake yi sama da kansa kamar yaro, yana tsallen kwaɗo (wanda a makarantunmu horo ne, shi kuwa don murna yake yi), yana ɗaga yatsu biyu na alamar zaman lafiya da hannu bibbiyu, yana shaida wa jama'a yana ƙaunarsu, daga baya ma ya ƙara da sheƙa musu ruwa da bokiti. A duba hoton bikin California Jam na 6 ga Afrilun 1974, gaban mutane wajen 200,000: rana tsaka, ƙaton zanen bakan gizo a bayansu, Ozzy cikin farar riga mai geza yana washe baki. Taron tsafin ke nan.

Da suka gwada yin abin ban tsoro da gangan, sai ya koma abin dariya. A rangadin 1983 sun sa a gina musu kwaikwayon duwatsun Stonehenge don ado a dandamali. A cewar Butler, an ba da awo da ƙafa, masu ginin suka karanta da mita, kayan suka fito ninki uku, yawancinsu suka ƙi shiga zaurukan wasa. Shi ma labarin jemagen da kowa ya sani bai shafi ƙungiyar ba. Ya faru ne ranar 20 ga Janairun 1982 a Des Moines ta jihar Iowa, bayan Ozzy ya kama gabansa. Wani ya jefo jemage, ya ce ya zaci na roba ne, ya gartsa masa cizo, ya ƙare a asibiti ana yi masa allurar ciwon haukan kare. Wauta ce ta mashayi, kuma ta bi shi har kabari.

Kalmar mashayi ta kawo mu inda nake son zuwa. Duk wanda ya fara kiran koken da suna hodar Iblis ya fi masu wa'azin Amurka fahimtar labarin Black Sabbath, ko da bai taɓa jin sunansu ba. A 1972 suka tare a wani katafaren gida a unguwar Bel Air ta Los Angeles don naɗar faifansu na huɗu. Sun so su sa masa suna Snowblind, sunan waƙar da suka yi wa hodar, kamfani ya hana, aka kira shi Vol. 4. Butler ya ce kuɗin da suka kashe a kan hoda ya zarce wanda aka kashe wajen naɗar faifan. Shekara guda kafin nan sun riga sun yi wa tabar wiwi waƙar yabo, Sweet Leaf. Mutanen da suka gargaɗi sojoji a kan allura a 1970 su ne suka faɗa ramin da ke kusa da shi bayan shekara biyu. Idan akwai waƙoƙin Sabbath da uba ya kamata ya damu da su, waɗannan ne, kuma babu ƙaho ko wutsiya a cikinsu.

Suna cikin wannan maye aka yi musu sakiyar da ba ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: sun sayar da miliyoyin faifai, suna zaton gidaje da motocin da suke hawa nasu ne, sai da suka nemi rabuwa da masu kula da harkokinsu suka gano yawancin dukiyar ba da sunansu take ba. Faifan Sabotage na 1975 an naɗe shi ne lauyoyi suna shigowa ɗakin naɗa da takardun sammaci, kuma ana jin fushin a cikinsa. Bayan shi ƙarfinsu ya fara raguwa. A 1979 suka kori Ozzy saboda shaye-shaye, su da suke korar ba su fi shi natsuwa da yawa ba. Wasan banzan da suke yi wa Bill Ward ya kai Iommi ya zuba masa sinadari ya kunna masa wuta, ya ƙone ƙafafu har aka kai shi asibiti. Iommi da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 2011. Ward ya bar ƙungiyar a tsakiyar rangadin 1980 giya ta ci ƙarfinsa. A 1989 aka kama Ozzy bayan ya shaƙe matarsa Sharon cikin maye, ya farka a ofishin 'yan sanda bai san abin da ya aikata ba. Duk tsawon shekarun nan, masu zanga-zanga a ƙofar zaurukan wasa suna can suna neman saƙon asiri a cikin faifai in an juya shi baya.

Abin da ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci gare ni ya wuce ƙungiya ɗaya. Duk al'ummar da take tace waƙa da fim da littafi tana fuskantar jarrabawa iri guda: ta hukunta abin da ya ambaci mugunta, ko ta hukunta abin da yake ƙawata ta. Na farkon ya fi sauƙi, domin kalma kawai za ka nema. Da wannan ma'auni War Pigs za ta faɗi saboda ta ambaci Shaiɗan da matsafa, Sweet Leaf kuwa ta wuce lafiya lau saboda kamar waƙar soyayya take.

Birnin da ya haife su ya ɗauki lokaci kafin ya karɓe su. A 2017 Iommi ya tsara wa mawaƙan babbar cocin Birmingham wani kiɗa da aka gina a kan Zabura ta 133. A 2023 ƙungiyar rawar bale ta birnin ta shirya wasa a kan waƙoƙinsu. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun na asali suka hau dandamali tare, karo na farko cikin shekara 20, a filin ƙwallon Villa Park, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa daga gidan da Ozzy ya girma. Metallica da Slayer da Guns N' Roses, waɗanda kowannensu yake cika filin wasa shi kaɗai, suka yi layi suna share musu fage, aka kuma ware ribar taron ga asibitin yara na birnin da wani gidan kula da yara marasa lafiya da gidauniyar binciken cutar Parkinson. Cutar ta riga ta hana Ozzy tsayuwa, don haka a zaune ya yi waƙa, a kan baƙar karaga mai siffar jemage, yana ta ƙoƙarin ɗaga hannu ya yi tafin nan nasa. Waƙa huɗu suka iya yi. Iommi, yana da shekara 77, ya tsaya a gefensa kai a sunkuye, da 'yan hulunan a kan yatsu biyu.

Bayan kwana 17, ranar 22 ga Yuli, Ozzy ya mutu yana da shekara 76. Ranar 30 ga wata aka ratsa da gawarsa ta titin Broad Street, 'yan badujala suna gaba suna busa taken Iron Man.